Shinkafa da Wake da Kaza a Kwano Ɗaya: Kayan Haɗin Duk Suna Nan a Ƙasar Gabi

Garin Gabi yana kudu maso yamma da Madarumfa, cikin jihar Maraɗi, dab da iyakar Najeriya. Ƙasa ce mai albarka. A shekara mai kyau ruwan sama ya kan kai milimita 600, abin da manoman arewacin jihar ba su gani sai a mafarki. Gulbin Gabi ya ratsa ta ya tafi ya zuba a tafkin Madarumfa, ga kuma dajin Babban Rafi a gefe. In kaka ta yi, za a tarar an ɗaure damman gero, dawa ta sunkuyar da kai, mata da yara suna roron wake a ƙarƙashin kara, kaji da zabi kuwa suna ta kiwo a bakin rumbu. Wanda ya ga wannan zai rantse yunwa ba ta san hanyar garin ba.

Amma littattafan gidajen likita ba haka suka ce ba. A shekarar 2005, lokacin da tamowa ta yi wa yaran ƙasar nan kamun kazar kuku, ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, mafi yawansu daga jihar Maraɗi, musamman kudancinta, watau inda ake kira rumbun ƙasa. Alhali kuwa a shekarar akwai hatsi a kasuwa. Bayan haka an yi shekaru ana aikin yaƙi da tamowa a gidajen likita na Gabi da Ɗan Isa da Safo da Madarumfa. Duk da haka binciken da hukuma ta riƙa yi a ƙarshen shekarun 2010 da farkon na 2020 ya nuna fiye da rabin ƙananan yaran jihar Maraɗi tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Dalilan suna da yawa: talauci, zazzaɓin cizon sauro, zawo, haihuwa kusa da kusa. Ɗaya daga cikinsu kuwa yana cikin kwanon da ake ajiye wa yaro. Fura da safe, fura da rana, tuwo da miyar kuka da dare: ciki ya cika, jiki bai samu abin gini ba.

Wani abinci na can ƙetare

A birane na ƙasar Amurka akwai wani abinci da ya yi suna ƙwarai a wurin masu kula da lafiyar jikinsu, ana ce da shi kwanon burito. Asalin burito daga arewacin Meziko yake. Wani faffaɗan gurasa ne na alkama, marar kauri, da a ke naɗe wake da nama a ciki. Ma'anar kalmar a harshen Sifaniyanci ita ce ɗan ƙaramin jaki. Da abincin ya ƙetara Amurka, masu dafuwa na birnin San Faransisko suka ƙara masa shinkafa da kayan lambu a shekarun 1960, ya yi girma har ya zama mutum ɗaya da ƙyar ya ke cinye shi. Wani gidan abinci mai suna Chipotle, wanda aka buɗe a birnin Denba a 1993, ya yaɗa shi ko'ina cikin ƙasar. A farkon shekarun 2000 masu gudun ƙiba suka fara cewa a cire musu gurasar, a zuba musu sauran a kwano. Shi ke nan kwanon burito ya samu.

To, me ke cikin kwanon? Shinkafa a ƙasa, dafaffen wake a gefe, gasasshiyar kaza da aka yayyanka ƙanana, tumatir da albasa da barkono da aka daddatsa, ganyen salati, ɗan masara, kindirmo kaɗan, a matse lemun tsami bisa. Uwargidan Gabi da za a karanta wa wannan lissafi, dariya za ta yi, don ba ta ji abin da ba ta sani ba. Shinkafa da wake ne da kwaɗo, aka sa musu sunan baƙi, a ke sayar wa ma'aikatan ofis da kuɗi masu nauyi.

Akwai ma tsohuwar cuɗanya tsakanin tukwanen nan biyu. Barkono da tumatir da masara da gyaɗa, waɗanda yau Bahaushe ya ke ɗauka nasa ne tun kaka da kakanni, duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan shekarar 1492. Waken ƙasar nan kuwa ɗan Afirka ta Yamma ne, jiragen cinikin bayi suka ƙetara da shi, har yau a jihar Karolina ta Kudu a kan dafa shi da shinkafa ranar sabuwar shekara. Ba iri ɗaya ba ne da waken Meziko, amma amfaninsu a jiki kusan ɗaya. A ƙasar Gana ma, abincin da suke kira waakye ba wani abu ba ne illa shinkafa da waken fataken Hausawa, sunan ma bai ɓace ba, sai dai su suna jefa karan dafi a tukunya don ya yi ja.

Saboda haka ba kayan haɗi za a aro daga wajen mutanen Amurka ba. Abu biyu ne kawai ya cancanci aro. Na farko, yadda suke rage shinkafa su yawaita wake da ganye. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, yadda suke yayyanka nama ƙanana su watsa shi cikin abincin gaba ɗaya.

Abin da ya sa a ke haɗa hatsi da wake

Malaman lafiya sun daɗe suna koya wa mata a wurin awon yara cewa abinci kashi uku ne: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da mai kare jiki daga cuta. Gero da dawa da shinkafa da mai su ne na farko. Wake da gyaɗa da nama da ƙwai da kifi da nono su ne na biyu. Ganyaye da ƴaƴan itatuwa su ne na uku. Wannan koyarwa ba ta tsufa ba.

Abin da ke gina jiki, wanda masana ke kira furotin, ba abu guda ba ne. Kamar tubali ne iri ashirin, tara daga ciki jikin ɗan Adam ba ya iya yin su da kansa, sai ya same su cikin abinci. Hatsi yana da ƙarancin wani tubali da a ke kira laisin, wake kuwa yana da shi da yawa. Shi kuma wake yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, wanda hatsi ya ke da shi. In aka haɗa su, kowa ya toshe ɓarakar ɗan'uwansa. Tsofaffin da suka ƙago shinkafa da wake, da tubani, da kunu da ƙosai, ba su shiga lakkwal ba, amma sun gano wannan da hankalinsu. A kowane giram 100 na busasshen wake akwai furotin kusan giram 24. A gero wajen 11. A farar shinkafa 7 kacal.

Abin mamaki shi ne ƙasar nan ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Da can gyaɗa ce sarauniyar Maraɗi, kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 yana saye yana fitarwa. Farin 1973 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya ta, wake ya gaji gadonta. Cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, kusa da Maraɗi, ta fitar da iri masu saurin nuna, irin su TN5-78. Sai dai tun daga lokacin manomi ya ɗauki wake abin sayarwa, ba abin ci ba. Da an gama roro sai a auna shi tiya-tiya a kasuwa, ya bi motoci ya nufi Jibiya da Katsina da Kano, a lokacin da farashinsa ya fi kowane lokaci faɗuwa. A watan Oktoba na 2024 hukumomi sun hana fitar da hatsi waje, har da wake, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Amma doka ba ta shiga madafa. Maigida ne zai ce a ware buhu ɗaya na gida.

Ba a ga laifin manomi duka ba, domin wake ba ya ajiyuwa. Ƙwaro ya kan shige shi tun daga gona, kafin wata uku ko huɗu ya mai da shi gari. Wannan tsoro ne ke sa a rabu da shi da wuri, ko a zuba masa maganin ƙwari wanda ba a yi don abinci ba. Tun 2007 akwai mafita: buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙago, masu binciken INRAN na Maraɗi suka gwada shi a ƙauyuka. Leda biyu ce masu kauri cikin buhun saƙa. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwaron da ke ciki numfashi zai ƙare masa ya mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba. Durom ko jarka mai murfi da ke rufuwa gam su ma suna yin wannan aiki, muddin an cika su har baki.

Yadda a ke haɗawa

A ɗauki gida mai mutum takwas, manya da yara. Ana bukatar shinkafa kilo ɗaya, wake rabin kilo, kaza ɗaya, zogala ƙwarya guda, tumatir biyar ko shida, albasa biyu, tattasai, lemun tsami uku, ƙuli-ƙuli kaɗan, man gyaɗa ludayi ɗaya, da kayan yaji. In rani ne, lokacin da lambunan fadama da na Jiratawa suke cike, a ƙara salati da karoti da shu.

Aikin daga daren jiya ya ke farawa. A tsince wake a jiƙa shi ya kwana. Da safe a zubar da ruwan a ɗauraye. Wake jiƙaƙƙe ya fi saurin nuna, itace ya ragu, kumburin cikin da a ke kuka da shi ma ya ragu. Abin da ya fi, ba sai an jefa masa kanwa ba. Kanwa tana sa wake ya yi laushi da wuri, gaskiya ne, amma tana lalata bitamin B1 da ke cikinsa, wanda jijiyoyi ke bukata. In dai ba makawa sai an sa, to a sa ɗan mitsitsi.

Game da shinkafa, ba dole ba ce. Gabi ƙasar gero da dawa ce, shinkafar da a ke ci yawancinta saye a ke yi, mai yawa kuma daga Asiya ta ke zuwa, kowa ya ga yadda ta yi tsada bayan rufe iyakoki a 2023. Farar shinkafar nan mai ƙyalli da a ke alfahari da ita, inji ya goge mata dusar da amfaninta ya ke ciki. Wadda aka turara da ɓawonta kafin a cashe ta ta fi ta nesa ba kusa ba. Dambun tsakin gero ko na masara kuwa ya fi su duka biyun dacewa da aljihun talaka, kuma geron ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Duk abin da za a faɗa a nan game da shinkafa, dambu zai iya tsayawa a madadinta.

Sai kaza. Bayan an yanka an fige an babbake, a fasa ta a gyara, a ware hanta da ƙundu. A nan akwai abin lura: ɗanyen naman kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo da zazzaɓi, waɗanda ido ba ya gani. Wuƙa da tasar da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa tumatir da salati sai an wanke su da sabulu, hannu ma haka. Sau da yawa ciwon cikin da a ke ɗora wa nama, daga wuƙa ya ke fitowa.

Kazar gida ba irin ta gidan gona ba ce da wuta kaɗan ke isar ta. Ta yi yawo, namanta ya yi tauri, daɗinta ma a nan ya ke. Saboda haka sai a fara sulala ta da albasa da citta da tafarnuwa da ɗan gishiri, wajen minti arba'in, ko fiye in tsohuwa ce. A tsame ta. Romon nan kada a kuskura a zubar ko a bar wa mutum ɗaya ya shanye, da shi za a dafa shinkafa da wake. A daka masoro da barkono da tafarnuwa, a kwaɓa da ruwan lemun tsami ɗaya da cokali biyu na man gyaɗa, a shafe naman, a ɗora bisa garwashi ana juyawa har ya yi ja ya ɗauki ƙamshin wuta. Ba a tsoma ta cikin mai a soya ba. Alamar nuna ita ce a tsaga cinya har ƙashi, a ga babu ja, ruwan da ke fita fari ne tas. Masu abin awo suna cewa zafin cikin naman ya kai digiri 74.

Kafin nan wake yana kan wuta. In ya yi rabin nuna a zuba romon kaza, a wanke shinkafa sau ɗaya ko biyu ba tare da an cuɗe ta da ƙarfi ba, a zuba, a daidaita ruwa yadda zai tsotse gaba ɗaya, don abin da aka tace aka zubar amfani ne ya bi ƙasa. Mutanen Amurka dabam-dabam su ke dafa su. A inda itace ke da tsada tukunya ɗaya ta isa.

Zogala a zage ta a wanke, a dafa da ruwa kaɗan, minti goma zuwa sha biyar. Al'adar barin ta bisa wuta har ta yi baƙi, sa'an nan a matse ruwan a zubar, tana rage mata amfani. A daka ƙuli-ƙuli a kwaɗa da albasa da tumatir. A duba ƙulin da kyau: wanda aka yi da gyaɗa mai fumfuna ko mai ɗaci yana da dafin da ke cin hanta sannu a hankali, wuta kuma ba ta kashe shi. Sauran tumatir da albasa da tattasai a daddatsa su ƙanana, a matse musu lemun tsami, a barbaɗa gishiri kaɗan. Lemun nan ba don daɗi kaɗai ba ne. Bitamin C da ke cikinsa da cikin ɗanyen tumatir shi ke taimakon hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da zogala. Shayi kuwa akasin haka ya ke yi. Mai fama da ƙarancin jini ya jinkirta shi sa'a ɗaya ko biyu bayan cin abinci.

Ɗanyen kayan lambu yana son tsabta ta gaske. Mutanen Madarumfa ba su manta da cutar amai da gudawa da ta ɓarke a gundumar a watan Yuli na 2018 ba. Salati da tumatir a wanke su da ruwa mai tsabta wanda aka ɗiga wa jabel gwargwadon yadda malaman lafiya ke nunawa, a sake ɗaurayewa. In ana shakkar ruwan, ko cuta tana yawo a gari, a bar ɗanye, a dafa kome da kome.

Ɗanɗano kuma daddawa ta wadatar, ta kalwa ko ta batso. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mai jefa dunƙule huɗu a tukunya sa'an nan ta ƙara gishiri, hawan jini ta ke dafa wa mijinta ba ta sani ba.

Rabon kaza

Yanzu aka zo wurin da maganar ta ke. Kowa ya san yadda a ke rabon kaza a gidan Bahaushe. Ba a yanka ta sai da dalili: baƙo ya zo, ko Salla, ko mai jego. In an yanka, cinyoyi da ƙirji da ƙundu na maigida ne da baƙonsa, uwargida ta samu baya ko fiffike, yara kuwa kai da ƙafafu da wuya. Ladabi ne, ba mai musu. Amma in aka auna da bukatar jiki, rabon a juye ya ke: wanda ya gama girma ya ɗauki tsoka, wanda ke cikin girma ya ɗauki ƙashi.

Ga lissafin. Kazar gida mai nauyin kilo ɗaya da ɗan kai, in aka fige aka gyara aka dafa aka zare ƙashi, naman da zai rage da wuya ya wuce giram 400. In aka yi rabon gargajiya, mutum biyu sun kwashe fiye da rabi. In kuwa aka bar ta ta huce, aka sa hannu mai tsabta aka yayyage tsokar sili-sili, aka watsa ta bisa kwanuka daidai wa daida, kowane ɗaya cikin mutum takwas zai samu wajen giram 50. Giram 50 na dafaffiyar kaza yana da furotin kusan giram 13, wanda shi ne kimanin abin da yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku ke bukata a yini guda. Ga kuma na wake a kai. Naman da aka yayyaga ba shi da cinya ba shi da wuya, saboda haka ba wanda aka raina, ba wanda aka fifita, maigida kuma bai rasa girmansa ba, tun da kwanonsa a ke fara zubawa.

Hanta dai a ba yaron da ya fi ƙanƙanta, ko mai shayarwa. Babu wani sashe na kaza da ya kai ta bitamin A da sinadarin ƙarfe, ga ta da laushi, ana murje ta da cokali.

Wurin zubawa, kada shinkafa da wake su wuce rabin kwano. Sauran rabin a raba shi tsakanin kwaɗon zogala da daddatsattsen tumatir da nama, a ɗiga man gyaɗa, mai so ya sa cokali ɗaya na kindirmo a gefe. Ga manya masu ƙiba ko ciwon suga, a ƙara rage shinkafa a yawaita ganye. Ga yaro kuwa akasin haka: cikinsa ƙarami ne, ganye mai yawa zai cika shi bai samu ƙarfi ba, don haka a ƙara masa mai da ƙuli da nama, a rage yaji. Jariri har wata shida nonon uwa kaɗai ya ke bukata, ko ruwa ba a ba shi. Daga wata shida a fara murje masa wake da hanta da dafaffiyar zogala cikin ɗan romo, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Kuma a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai. Yaron da aka haɗa akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share.

Ba kowane gida ke iya yanka kaza kowane mako ba, wannan a fili ya ke. Ranar da babu, dafaffen ƙwai ya tsaya a wurinta. Da damina zabi suna ƙwai har ya yi araha, ana tallarsa a bakin hanya, a daidai lokacin da tamowa ta fi tsananta. Camfin da ke cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai tashi ɓarawo ba shi da tushe a addini ko a likitanci. Ya dai yi wa masu sayar da ƙwai amfani. Busasshen kifin tafkin Madarumfa, tarwaɗa ko karfasa, in aka daka shi aka barbaɗa, shi ma ya yi.

Abin da ya rage a tukunya kada a bar shi ya wuni cikin zafi. Dafaffiyar shinkafa tana saurin lalacewa ko da ba ta yi wari ba. A dafa daidai ci, in an yi ɗumame a tabbata ya yi zafi har tsakiya.

Sai kaza ta rayu a ke yanka ta

A ƙauyukan Gabi kaza dukiyar mace ce. Ita ce asusunta: kuɗin sabulu, kuɗin magani, gudummawar biki. Tun ƙarshen shekarun 2010, da ɓarayin daji suka addabi garuruwan bakin iyaka suna kore shanu da awaki, gidaje da dama ba su da sauran dabba sai ita. Macen da ke da kaji uku ba za ta yanka ɗaya don yara ba, kuma tana da gaskiya. Wadda ke da goma sha biyar za ta iya. Abin da ke hana uku zama goma sha biyar kuwa sananne ne.

Kowace shekara, da iskar hunturu ta taso, wata annoba ta kan bi gari gida-gida. Kaza ta yi laƙwas, ta saki fiffike, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe, kwana biyu ko uku ta mutu. Likitocin dabbobi suna kiran ta cutar Niyukasal, da sunan wani gari na Ingila inda aka gane ta a 1926. A garken da ba a yi wa rigakafi ba ta kan kashe mafi yawa, wani lokaci ba ta barin ko ɗaya. Ba ta da magani: ƙwayoyin kafso na mutane da a ke fasawa cikin ruwan kaji, da jiƙon barkono, ɓarnar kuɗi ne kawai. Hanyar da ta fi yaɗa ta ita ce kasuwa, domin da an ga kaza ta fara rashin lafiya sai a ruga da ita a sayar da araha, mai saye ya kai gida ya sake ta cikin nasa. Kazar da aka sayo a kasuwa a kife ta a akurki dabam mako biyu kafin a haɗa ta da sauran. Wadda ta mutu da kanta a binne ta da zurfi, ba a ci, ba a jefa wa kare. In kaji da zabi da agwagi suka riƙa mutuwa tare farat ɗaya, a gaggauta sanar da malamin dabbobi, don murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Magarya a watan Fabrairu na 2006, tana kama da ita, ita kuwa tana iya kama mutum.

Rigakafin Niyukasal yana nan, kuɗinsa kuma bai kai na ƙwai biyu ba. Iri biyu ne: akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido mai suna I-2, wanda ya fi jure zafi, ɗigo ɗaya ga kowace kaza, babba ko ɗan tsako. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, in an buɗe ta kuma ba ta daɗewa, shi ya sa ya fi kyau matan unguwa su haɗa kai su sa rana guda, su kife kajinsu tun da asuba, su kira malamin dabbobi ko mataimakinsa na ƙauye. Kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin iska ta juya, na ɗigon ido kuma a maimaita shi bayan kowane wata huɗu.